Canon, Nikon, Sony ko Fujifilm: abin da mai sayen kyamara ke ɗaure kansa da shi

Tambayar da aka fi yi wa duk wanda aka gani rataye da kyamara ita ce: wane kamfani ne ya fi? Amsar kuwa takan danganta da wuyan wanda aka tambaya. In Canon ce rataye da shi, Canon zai ce. Mai Nikon zai rantse ba a taɓa ƙera irinta ba, mai Sony ya ce sauran duk sun tsufa, mai Fujifilm kuwa ya buɗe hotunansa ya ce ka dubi launi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma babu mai ƙarya a cikinsu, don kowannensu ya ɗauki hotunan da yake alfahari da su da abin da ke hannunsa. Mai tambaya ne kawai ke tashi daga wurin da ruɗanin da ya fi wanda ya zo da shi.

A yau babu ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan da ke ƙera kyamarar banza. Da za a ɗauki hoton mutum ɗaya, a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya, da kyamarori huɗu masu daraja ɗaya, a wanke hotunan a baza su kan tebur, ƙwararru ma sai sun sha wuya kafin su ce wannan na wane ne. Akwai dalili. Sensa, wato farantin da ke cikin kyamara yana karɓar haske yana mayar da shi hoto, masana'antu kaɗan ne ke ƙera ta a duniya, kuma Sony ne babbansu. Kyamarori da dama na Nikon da Fujifilm da wasunsu sun yi aiki da sensar da ta fito daga masana'antar Sony, yayin da Canon yakan ƙera tasa da kansa. Ke nan mutum biyu na iya tayar da jijiyar wuya kan ingancin hoto alhali zuciyar kyamarorinsu daga gida ɗaya ta fito.

Bambancin da zai bi mai saye shekara da shekaru yana wani wuri da sabon shiga ba ya ko kallo: zoben ƙarfen da ke gaban kyamara, bakin da ake murɗa gilashi a ciki. Gilashi a nan ina nufin abin da masu sana'a ke kira lens. Kowane kamfani da irin bakinsa, kuma gilashin wannan ba ya shiga bakin wancan. Gangar jikin kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, a fito da sabuwa, a canza. Gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekara ashirin yana aiki, ya ga bayan kyamara uku ko huɗu. Wanda ya daɗe a harkar, in ya yi lissafi, zai tarar kuɗin da ya zuba a gilasai sun ninka na kyamarar kanta. Don haka ranar da ka zaɓi kamfani, bakin kyamara ka zaɓa, tare da duk gilasan da ke shigarsa da waɗanda ba sa shiga. Fita daga baya tana yiwuwa, amma da asara ake fita, domin sai an karyar da duk abin da aka tara.

Tarihin bakunan nan ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne ke bayyana halin da kasuwa ke ciki yanzu. Nikon ya fito da bakinsa mai suna F a 1959, ya riƙe shi kusan shekara sittin, har ya zama abin alfahari cewa gilashin da uba ya saya ɗa zai iya ɗaurawa. Canon ya bi wata hanyar. A 1987 ya yi watsi da tsohon bakinsa na FD ya kawo EF, wanda duk maganar da ke tsakanin kyamara da gilashi ta lantarki ce. Masu tsofaffin gilasai sun fusata ƙwarai, amma matakin ya ba Canon saurin fokas, wato saita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito sarai, saurin da ya ja masu ɗaukar wasanni da 'yan jarida zuwa gare shi. Sony kuwa baƙo ne a fagen kyamara mai canjin gilashi. Ya shigo ne a 2006 bayan ya karɓi sashen kyamara na Konica Minolta, sannan a 2010 ya fito da bakin E.

Sai maganar madubi, wadda ita ce ta hautsina komai. Kyamarar da ake kira DSLR tana da madubi a ciki, tsakanin gilashi da sensa, yana harba haske sama zuwa tagar da kake leƙawa. Da ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya isa sensa, ya sake sauka. A 2008 Panasonic ya fito da G1, kyamara mai canjin gilashi wadda babu madubi a cikinta. Abin da sensa ke gani shi ake nuna maka a ƙaramin allo. Da farko manyan ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. A 2013 Sony ya sa babbar sensa a cikin ƙaramar kyamara marar madubi mai suna A7, ya yi ta gyara ta shekara bayan shekara, yana janye mutane. Sai a 2018 Canon ya fito da bakin RF, Nikon ya fito da bakin Z, duka na kyamara marar madubi. Tazarar shekara biyar ɗin nan har yau ana ganin sawunta a yawan gilasan da kowane baki yake da su.

Akwai wani ɗan lissafi da ke sauƙaƙa fahimtar abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara ta musamman daga sensa. A bakin EF tazarar milimita 44 ce, a bakin F kuwa 46.5, saboda dole a bar wa madubi wurin motsi. Da aka cire madubi sai tazarar ta ragu: 20 a RF, 18 a E, 16 a Z. Ma'anarsa, tsohon gilashi zai iya hawa sabuwar kyamara idan aka sa adafta, wani zobe da ke cike gurbin da madubi ya bari. Sabon gilashi kuwa ba zai taɓa hawa tsohuwar kyamara ba, don babu yadda za a tura shi ciki ya kai inda ya kamata. Adaftar Canon tana aiki da gilasan EF kamar an yi su tare. Ta Nikon, mai suna FTZ, ita ma tana aiki sosai da gilasan da ke da injin fokas a jikinsu, amma tsofaffin da kyamara ce ke juya musu fokas da sukurin jikinta, sai dai a saita su da hannu. Wanda ya gaji gilasai ko yake shirin sayen na hannu, wannan ɗan bayanin ya fi masa duk wani talla amfani.

Baki kuma yana mutuwa, kuma wannan ne abin da na fi so mai saye ya riƙe. Samsung ya ƙera kyamarori masu kyau a bakin NX, sannan ya bar harkar gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 2010. Nikon ya fito da jerin ƙananan kyamarori masu suna Nikon 1 a 2011, ya dakatar da su a 2018. Canon ya kawo bakin EF-M a 2012, ya sayar da su da yawa, daga baya ya juya ga RF, kuma gilasan EF-M ba sa hawa RF saboda tazararsu 18 ce, ta gaza 20. Tsohon bakin A da Sony ya gada shi ma an daina yi masa sabon abu. Kyamarorin nan ba su daina ɗaukar hoto ba, kuma akan same su da araha. Sai dai wanda ya saya ya san cewa ya shiga gidan da ba za a ƙara gini a cikinsa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaici shi ne a sayar wa mutum ita bai san rariya ba ce.

Haka lamarin DSLR yake a yau. Canon da Nikon sun mayar da ƙarfinsu kan marar madubi, Pentax ne kaɗai, wanda ke ƙarƙashin Ricoh, ya tsaya kan madubi da gangan. Duk da haka ba na hana kowa sayen DSLR ta hannu. Batirinta yana daɗewa fiye da na marar madubi, gilasanta sun cika kasuwa, kuma ga mai koyo da ƙaramin ƙarfi, da tsohuwar zuma ake magani. Gilasan da ya tara ma za su bi shi zuwa sabuwar kyamara ta hanyar adafta, muddin ya tsaya a kamfani ɗaya.

Wani abin da ke raba kamfanonin, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali, shi ne yadda kowanne ke ɗaukar masu ƙera gilashi na waje, irin su Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox. Waɗannan sukan yi gilasan da ingancinsu ya kusa na asali, wani lokaci ma ya kai, a farashin da ya yi ƙasa sosai. Sony ya buɗe musu bayanan bakin E tun 2011, shi ya sa mai Sony yake da zaɓin da babu wanda ya kai shi a cikin marasa madubi, daga mafi araha zuwa mafi tsada. Canon ya riƙe bakin RF gam, sai a 2024 ya bar Sigma da Tamron suka fara yin gilasai masu fokas da kansu, su ma na kyamarori masu ƙaramar sensa. Nikon yana tsakiya, ya ba da izini ga wasu gilasai, ba duka ba. Fujifilm shi ma ya buɗe ƙofa daga baya. A ganina wannan shi ne bambanci mafi taɓa aljihu tsakanin manyan ukun, wato Canon da Nikon da Sony, kuma shi ne mutane suka fi gano shi bayan sun riga sun saya.

Kafin a zo ga halin kowane kamfani, sai an fahimci girman sensa, don wasu kamfanonin a nan suka kafa tutarsu. Babbar sensa, wadda ake kira cikakkiya, tsawonta milimita 36 ne, faɗinta 24, daidai da girman tsohon fim ɗin da ake sa wa kyamara kafin zuwan sensa. Mai bi mata ita ce APS-C, wajen 23.5 da 15.6, ta Canon kuma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Sai Micro Four Thirds, 17.3 da 13, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na babbar. Sensa mai girma tana tara haske da yawa, don haka hotonta na dare ya fi tsabta, kuma ta fi sauƙin narkar da bayan mutum ya yi laushi. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi da tsada, saboda gilashin da zai rufe babbar sensa dole shi ma ya yi girma. Ƙaramar sensa kuma tana da ribar da masu ɗaukar tsuntsaye suka sani: tana matso da nesa. Gilashi mai milimita 300 a kan Micro Four Thirds yana nuna abin da mai 600 zai nuna a kan babbar sensa, a jikin da za a iya yini da shi a hannu.

Canon da Nikon da Sony duk suna yin babba da APS-C a baki ɗaya, abin da ke ba mutum damar farawa da ƙarama ya hau babba. Amma a lura, hankalinsu ya fi karkata ga babbar, musamman Canon da Nikon, inda gilasan da aka yi domin ƙaramar sensa ba su da yawa. Fujifilm ya ƙi shiga wannan kokawar. Ya tsallake cikakkiyar sensa baki ɗaya, ya zuba ƙarfinsa a APS-C da bakin X tun 2012, sannan a 2017 ya fito da GFX mai sensar 44 da 33, wadda ta fi cikakkiyar girma, domin masu aikin sutudiyo da hoton shimfiɗar ƙasa. Sakamakon haka, wanda ya yanke shawarar zama a APS-C zai tarar a gidan Fujifilm ba a ɗauke shi ɗan rakiya ba.

Canon shi ne ya fi kowa sayar da kyamara mai canjin gilashi, kuma ya daɗe a haka. Wannan girman yana da amfani a aikace: kayansa na hannu sun fi yawa, masu gyaransa sun fi yawa, kuma da wuya ka rasa wanda zai nuna maka yadda ake abu. Jikin kyamarorinsa yana zama a hannu, jerin saitunansa kuma yana da sauƙin bi. Tsarin fokas ɗinsa mai suna Dual Pixel, wanda ya fara a 70D a 2013, ya sa bin fuska a bidiyo ya zama santsi, ba tsalle-tsalle. Tun 5D Mark II ta 2008 masu shirya fim da ƙaramin jari suka saba da shi. Rauninsa shi ne wanda na ambata: a babbar sensa, ko dai gilashin Canon mai sauƙi, ko na Canon mai tsada, ko tsohon EF da adafta.

Nikon kamfanin gilashi ne tun asali, an kafa shi a 1917, kuma hakan yana bayyana. Bakin Z shi ne mafi faɗi a cikin ukun, milimita 55, kuma mafi kusa da sensa, abin da ya ba masu zana gilashi sarari. Ko matsakaitan gilasan Z suna da kaifi har gefen hoto. Ya fara marar madubi da ɗingishi a fannin fokas, gaskiya ce, amma Z9 ta ƙarshen 2021 ta rufe wannan giɓin, kuma ta zo ba tare da labulen ƙarfe mai buɗewa da rufewa ba, lantarki ne ke yin komai. Dogayen gilasansa marasa nauyi sun sa masu ɗaukar namun daji suna sonsa. A 2024 ya sayi RED, kamfanin kyamarar fim na Amurka, alamar cewa ya ɗauki bidiyo da gaske.

Sony ne ya koya wa sauran abin da ake nufi da kyamara ta kama ido ta bi shi. A9 ta 2017 tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya ba tare da tagar leƙe ta yi duhu ba, A7 III ta 2018 kuma ta kawo wannan ƙwarewar kusa da mai matsakaicin ƙarfi. An daɗe ana kukan jerin saitunansa masu ruɗarwa da ƙaramin batir. Batirin an gyara shi tun 2017, saitunan kuma aka sake musu tsari daga 2020. Wanda zai sayi tsohuwar Sony ta hannu ya duba ko kafin gyaran aka yi ta ko bayansa. Jikinsu ƙarami ne, abin da wani ke so wani kuma mai manyan yatsu ke ƙi.

Fujifilm kuwa wani hali ne daban. Kamfanin fim ɗin kyamara ne tun 1934, kuma ya ɗauko launukan finafinansa na da, irin su Velvia da Provia da Acros, ya sa su cikin kyamara, ta yadda hoto ke fitowa a shirye ba sai an zauna gaban kwamfuta ba. Yawancin kyamarorinsa suna da maɓallan juyawa a sama, na saurin ɗauka da na ƙarfin jin haske, ga zoben ƙofar haske a jikin gilashi, kana ganin saitinka tun kafin ka kunna. Ga mai koyo wannan makaranta ce. Ina da rauni a kansu, ba zan ɓoye ba, saboda suna sa mutum ya so fita ɗaukar hoto. Amma wanda aikinsa bin abu mai gudu ne, ɗan wasa ko tsuntsu a sama, zai ga manyan ukun sun fi riƙe abin da suka kama.

Panasonic ya yi suna a bidiyo da jerin GH, kuma a 2018 ya haɗa kai da Leica da Sigma a kan baki ɗaya mai suna L domin babbar sensa. Fokas ne ya daɗe yana ja masa baya, har sai S5 II ta 2023 da ta zo da irin tsarin da sauran ke amfani da shi. Olympus ya miƙa sashen kyamararsa a farkon 2021, yanzu OM System ake kiransu, ƙanana masu jure ruwa da ƙura, masu ƙarfin hana girgizar hannu. Leica ta Jamus ce, mai sayenta kuma ba ya buƙatar shawarata.

Akwai gardama biyu da ke cin lokacin mutane fiye da ƙimarsu. Ta farko megafiksel, wato ɗigo miliyan ɗaya na hoto. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a kwance 4000 a tsaye, wanda za a buga shi da cikakken kaifi a takarda mai tsawon santimita 50, in za a rataye a bango a kalla daga nesa ma ya wuce haka. Allon 4K gaba ɗayansa megafiksel 8 da 'yan kai ne. Mai 45 ko 60 tana da amfani ga wanda ke yanke hoto sosai ko ke buga manya, amma tana cika katin ajiya, tana wahalar da kwamfuta, tana kuma tona asirin gilashi marar kyau da hannu mai rawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ta biyu launi. Za ka ji ana cewa Canon ya fi fitar da fatar mutum, ko Sony yana ja zuwa kore. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki idan hoton da kyamara ta sarrafa da kanta kake amfani da shi, wato JPEG, don kowane kamfani da ɗanɗanonsa. In kuwa ɗanyen hoto kake ɗauka, wanda ake kira RAW, kana gyarawa da kanka, yawancin bambancin yana narkewa cikin 'yan daƙiƙu. Ke nan tambayar ta koma kanka: za ka zauna gyara, ko so kake ka ɗauka ka aika? Wanda ba zai gyara ba, ya nemi hotunan kowane kamfani kamar yadda suka fito, musamman na mutane masu launin fata irin na waɗanda zai riƙa ɗauka, ya bar idonsa ya yanke hukunci.

Abin da ya fi waɗannan biyun tasiri a hoto shi ne gilashin da ke gaba, kuma a nan ne nake ganin kuskuren da ya fi ba ni tausayi. Mutum ya tattara duk abin da yake da shi ya sayi babbar kyamara, ya bar ta da ɗan gilashin da ake haɗowa da ita a kwali, sannan ya yi mamakin yadda hotonsa na cikin ɗaki bai fi na waya ba. Irin wannan gilashin, in an zuƙo shi ƙarshe, ƙofar haskensa takan tsaya a f/5.6, kuma iya girman wannan lambar iya ƙanƙantar ƙofar. Gilashi marar zuƙowa mai milimita 50 da ƙofar f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma. Matsakaiciyar kyamara da gilashi mai kyau za ta doke babbar kyamara da gilashi mai rauni a kusan kowane yanayi.

Sai hannu. Wannan ba a karanta shi a takarda, gani ya kori ji. Na taɓa riƙe wata kyamara da kowa ke yabo, bayan awa biyu ƙaramin yatsana ya rasa wurin zama, wuyan hannuna ya yi tsami, na san ba tawa ba ce duk da kyawun hotonta. Ko ɓangaren da ake murɗa gilashi ya shiga, da ɓangaren da zoben zuƙowa ke juyawa, na Nikon kishiyar na Canon ne, kuma hannun da ya saba da ɗaya yakan yi ta tuntuɓe a ɗayan. Mai sa tabarau ya leƙa taga ya ga ko yana ganin kusurwoyi huɗu. Nauyi ma a auna shi da gilashin a jiki, don kyamarar da ta yi nauyi gida ake barinta, waya ta ci gaba da aiki. Wayar ce ma ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori: daga kyamarori sama da miliyan 120, manya da ƙanana, da kamfanonin Japan suka fitar a 2010, adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10 a 2020. Kyamarar da za ka saya dole ta yi abin da wayarka ba ta iyawa, kuma ta zama wadda za ka yarda ka ɗauka.

Mutanen da ke kewaye da kai ma suna cikin lissafi. Idan abokan aikinka ko wanda ke koya maka duk kamfani ɗaya suke riƙe da shi, za ka iya aron gilashi, aron batir ranar da naka ya mutu, ka sami mai warware maka matsala nan take. Wannan ya fi ƙaramin fifikon da wata kyamara ke da shi a takarda. Haka samuwar wurin gyara da kayan gyara a inda kake. Ƙananan kaya su ma suna ɗaure mutum: filasha ta kowane kamfani da irin ƙafarta, batir ba ya shiga na wani, katin ajiya mai sauri ma Sony yana amfani da CFexpress nau'in A yayin da Canon da Nikon ke amfani da nau'in B. Wanda zai ɗauki taron da ba a maimaitawa, a biya shi, ya nemi kyamara mai gurbin kati biyu, kowane kamfani ne, domin kati yana lalacewa ba sallama. Mai bidiyo kuma ya bincika tsawon lokacin da samfurin da yake so ke ɗauka kafin zafi ya kashe shi, don wannan matsala ce ta samfuri, ana samunta a kamfanoni daban-daban.

Hanyar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ita ce ya fara daga baya. Ya rubuta abin da zai fi ɗauka, da gaske, ba abin da yake mafarki ba. Ya fitar da gilasai biyu ko uku da wannan aikin ke bukata cikin shekara uku masu zuwa. Sannan ya duba kowane kamfani: akwai su? Nawa ne jimillarsu tare da kyamarar? Nawa ne nauyinsu? Ana samunsu na hannu? Sau da yawa kamfanin da kyamararsa ta fi araha shi ne jimillarsa ke fin tsada, ko a tarar gilashin da ake bukata babu shi sam a wannan bakin. Mai son zaɓi da yawa da ƙaramin kuɗi lissafinsa yakan kai shi Sony. Mai tsofaffin gilasan EF ko F ba shi da dalilin barin gidansa. Mai yawo da son hoto a shirye yakan tsinci kansa a Fujifilm, mai bin tsuntsu da ƙafa kuma a OM System ko Nikon.

In na hannu za a saya, a duba adadin hotunan da labulen kyamarar ya ɗauka, domin yana da iyakar rayuwa, kuma yawancin kyamarori suna ajiye wannan lissafin. A ɗauki hoton farin bango da ƙofar haske a tsuke, kamar f/16, a ga ko akwai tabo ko ƙarzuwa a sensa. Gilashi kuwa a cire murafunsa biyu, a haska tocila ta cikinsa, a nemi hazo ko zaren fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane tsohon gilashi yana da ita, amma fumfuna tana cin rufin gilashin kuma tana yaɗuwa, irin wannan a mayar wa mai shi.